Babi na Bakwai: Ƙarafan da Ke Riƙe da Injin Iska

Idan ka sayi ƙaramin injin iska, abin da za ka tarar a cikin kwali bai wuce kan injin ba, da fukafukan farfela guda 3, da wutsiya, da akwatin da ke daidaita cajin batir, sai 'yar leda mai notuna. Turken da injin zai hau babu shi a ciki. Igiyoyin da za su riƙe turken ma babu, balle kankaren da zai riƙe igiyoyin. Mai kanti zai ce maka wannan ai ba matsala ba ce, kowane mai walda zai haɗa maka. Injina da dama da suka rikito ƙasa, daga wannan maganar faɗuwarsu ta samo asali.

Kafin a taɓa ƙarfe ko ɗaya, ya kamata a san irin ƙarfin da ake shirin tarewa. Ɗauki injin da faɗin da'irar farfelarsa mita 2.4 ne, wanda zai iya caja batiran gida ɗaya. Da'irar nan tana tare iskar da ta kai murabba'in mita 4.5. Idan iska na gudun mita 12 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 43 a awa, tana tura kan injin gefe da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 35. Wannan ba wani abu ba ne, yaro ma zai iya tare shi. Amma turawar iska ba a hankali take ƙaruwa ba. Gudunta in ya ninka sau 2, turawar sau 4 take ninkawa. Ranar da hadari ya taso daga gabas a farkon damina, irin iskar da ke yaye kwanon makarantu ta karya turakun wuta, gudun zai iya kai mita 30 a daƙiƙa. A lokacin, in farfelar ta ci gaba da fuskantar iskar, turawar ta haura kilo 200, kuma a can ƙololuwar turke take, inda kowane kilo ke da dogon hannu. An ƙera yawancin ƙananan injina yadda za su kawar da kai gefe idan iska ta yi yawa, wutsiya ta naɗe, turawar ta ragu. Sai dai wanda zai kafa turke bai kamata ya jingina da wannan ba. Wutsiya takan cije, musamman bayan ƙurar hunturu ta cika mahaɗinta.

Duk da haka, ba babbar iska ce kaɗai ke kayar da injin ba. Akwai abin da ya fi ta naci. Farfelar ƙaramin injin tana zagayawa sau ɗaruruwa a minti guda, kuma da wuya a sami fukafukai 3 da nauyinsu ya zo daidai wa daida. Ɗan bambancin nan shi ke sa turke rawar ɗari dare da rana. Ga shi kuma duk lokacin da iska ta sauya wuri, kan injin yana juyawa alhali farfela na gudu, sai ya murɗa wuyan turken. Kowa ya taɓa karya wayar ƙarfe ba tare da filaya ba: a lanƙwasa nan, a mayar can, har ta yi zafi ta rabu biyu. Abin da ke faruwa da noti da walda da igiya a kan turke ke nan, sai dai a hankali, cikin watanni. Injiniyoyi na ce da shi gajiyar ƙarfe. Shi ya sa ƙarfen da zai iya ɗaukar tankin ruwa shekara 20 ba tare da ya motsa ba yana iya karyewa a ƙarƙashin injin da bai kai nauyin buhun siminti ba.

Mu bi ƙarfin nan daga sama, daga inda injin ya zauna, har zuwa inda ya nutse cikin ƙasa.

Kowane kamfani da yadda yake zaunar da injinsa. Ƙananan injinan AIR, waɗanda kamfanin Southwest Windpower na Amurka ya yi suna da su, suna da maƙogwaro mai notuna da ke cafke bututu ta waje, kuma bututun da aka yi su dominsa shi ne wanda ake kira inci 1.5. Injinan Rutland na kamfanin Marlec da ke Ingila kuwa, irin su 913, cikin bututun suke shiga, don haka ramin ciki ake aunawa, milimita 41. Masu araha da ake shigowa da su daga Sin galibi faifan ƙarfe gare su mai ramukan noti, sai a yi wa turke faifai irinsa a haɗa su baki da baki. Saboda haka kada a sayi bututu sai injin ya iso an auna shi. Kuma a auna da ma'auni, kada a bi suna, domin bututun da ake kira inci 1.5 faɗinsa na waje milimita 48.3 ne, kusan inci 2 ke nan. Sunan gado ne daga tsohon tsarin awon bututun ruwa.

Wurin da aka fi cutar mai saye shi ne kaurin jikin bututun. A kasuwar 'yan ƙarfe za a nuna maka bututu biyu masu faɗi ɗaya, ɗaya rabin kuɗin ɗayan. Mai arahar na yin gado ne da kujera da ƙofar shago, jikinsa bai fi milimita 1.5 ba. Wanda injin ke bukata jikinsa ya haura milimita 3. A tsohon ma'aunin Birtaniya na bututun ruwa, BS 1387, ana shafa wa matsakaici shuɗin fenti a baki, mai kauri kuma ja. Amma fenti ba shi da tsada, kowa na iya shafawa, don haka a leƙa bakin bututun a auna. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Akwai wani kuskure da masu aikin famfo ke jawowa da kyakkyawar niyya. Bututun ruwa yana zuwa da tsawon mita 6, da zare a bakinsa, da soket na haɗa biyu. Ga mai jan ruwa wannan daidai ne. Ga turke kuwa, zaren nan yanka ne da aka yi wa jikin bututun, ya cinye kusan rabin kaurinsa, ya kuma bar kaifin da tsagewa ke farawa daga gare shi. A yanke zaren a yar. In za a haɗa bututu biyu, a zura guntun bututu mai kauri a ciki, ko a sa wani ta waje, ya shiga kowane ɓangare sosai, a daidai wurin kuma a ɗaura igiyoyin riƙo. Haka nan faifan da injin zai zauna a kai: waldar zobe ɗaya a wuyan bututu ba ta isa ba. A sa masa 'yan kusurwoyin ƙarfe 3 ko 4 su tokare shi ta ƙasa, a tabbata kuma faifan ya kwanta daidai, don in ya karkata ko da kaɗan ne, kan injin zai riƙa komawa gefe guda duk lokacin da iska ta lafa.

Ni dai tsarin da ya fi burge ni shi ne na Hugh Piggott, mutumin Scoraig da ke gaɓar arewa maso yammacin Sikotilan, wurin da babu layin wutar gwamnati. Ya shafe shekaru yana ƙera injinan iska da katako da maganaɗisu da boris ɗin ƙafar mota, littafinsa na koyar da ƙirar ya zaga duniya, kuma masu bin tsarinsa sun kafa ƙungiyar Wind Empowerment a Dakar a 2011. A ƙirarsa babu boris na musamman da kan injin ke juyawa a kai. Bututu ne mai ɗan faɗi ake kifawa a kan bakin turke kamar hula, da wosha mai kauri da giris a tsakani. Wayar wuta kuma ta ratsa ta tsakiya ta sauko cikin turken tana reto, a bar mata rara da filogi a ƙasa. In ta murɗe bayan wasu makonni, sai a tsayar da injin a cire filogin a warware ta. Injinan kamfani suna da zobban tagulla da burushi a wuya don kada waya ta murɗe, abin sha'awa ne, amma duk wanda ya ga yadda ƙurar Disamba ke shiga har cikin agogon hannu zai gane dalilin da ya sa na fi son bututu a kan bututu. Abin lura guda: nauyin wayar kada ya rataya a kan mahaɗin wuta. A ɗaure ta da maƙali a sama, a kuma sa roba a bakin ramin da ta bi don kada ƙarfe ya feƙe ta.

Sai notuna. A duba kan kowane bol, akwai lamba. Wanda aka rubuta wa 8.8 shi ake so a duk inda ƙarfi ke bi. Mai 4.6, ko wanda ba shi da lamba sam, bai wuce rabin ƙarfin wancan ba. Girgiza tana kwance noti komai ɗaurinsa, kuma woshar nan mai tsaga da aka saba sakawa ba ta hana shi. Abin da ke hanawa shi ne noti mai zoben roba a ciki, ko noti biyu a matse su da juna, ko man ɗaure zare irin Loctite. Mai zoben roba in an kwance shi sau ɗaya ko biyu ya gama aiki, a sake sabo. Bol na silba mara tsatsa yana da kyan gani, sai dai in an ɗaura shi cikin jikin alminiyam, damina ɗaya ko biyu za ta sa su manne da farin gari, don haka a shafa masa giris kafin a ɗaura. Sauran ƙarafa kuwa, wanda aka tsoma a narkakken tutiya shi ya fi jure ruwa. Mai walda ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa farin hayaƙin da ke tashi in an ƙona irin wannan ƙarfen yana sa zazzaɓi. A kankare tutiyar a wurin da za a yi walda, a yi aikin a fili, in an gama a shafe wurin da fenti mai tutiya, don daga nan tsatsa ke fara ci.

Tsawon turke magana ce da aka riga aka yi a babin zaɓen wuri, amma dole a taɓo ta, don ita ke yanke hukuncin irin ƙarafan da za a saya. Ƙa'idar da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ke bai wa masu ƙananan injina ita ce, ƙasan farfela ya ɗara duk wani gini ko itace da ke cikin tazarar mita 90 da aƙalla mita 9. A garin da darbejiya ta yi layi, turken mita 6 wasa ne. Makamashin da ke cikin iska yana ninkawa sau 8 in gudunta ya ninka sau 2, shi ya sa ɗan ƙarin gudun da ake samu a sama yake da daraja. A fili mai sarari, tashi daga mita 6 zuwa 12 kan ƙara wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar da za a samu.

Mutane da yawa sukan ce to me zai hana a ɗora a kan soro, a huta da sayen dogon bututu? An gwada wannan a Ingila. A gwajin da aka yi wa laƙabi da Warwick, tsakanin 2007 da 2008, an bibiyi injina 26 da aka kafa a jikin gine-gine, kuma sakamakon ya ba da kunya: akasarinsu wutar da suka bayar ba ta taka kara ta karya ba, wasu ma kashe su aka riƙa yi saboda ƙarar da ke damun mazauna gidan. Iskar da ta bugi gini birkicewa take yi, injin ya yi ta waige-waige bai samu ya zauna ba. Kuma can gine-ginen jan bulo ne da kankare. Bangon bulo inci 6 mai rami, ko katangar ƙasa, in aka ɗaura mata maƙalan ƙarfe aka bar injin na jijjiga ta, tsagewa za ta biyo layin notunan. Maƙalan bango suna da wurinsu, a jirgin ruwa ko a jikin kwantena, da injin da farfelarsa ba ta fi mita 1 da 'yan kai ba, da roba tsakanin maƙali da bututu. Abin da ya wuce haka, ƙasa ce wurinsa.

Turke iri biyu ne: mai tsayuwa da ƙafarsa, da mai igiyoyi. Na farko ya fi kyan gani kuma ba ya cin fili, amma lissafinsa ba ya yi wa aljihu daɗi. Turawar kilo 200 a kan mita 12 tana nufin gindin turken na fama da murɗar da sai bututu mai faɗin gaske da katon kankare za su iya tarewa. Wannan aikin injiniya ne, ba na ƙiyasin ido ba. Mai igiyoyi shi ne na talaka, kuma shi ne ya fi dacewa da ƙauye inda fili ba ya wuya. Igiyoyin su ke karɓar turawar gefe, bututun kuma aikinsa ya tsaya a kan ɗaukar dannawa daga sama.

Nisan da za a kai igiyoyin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ana so mariƙin ƙasa ya yi nesa da gindi da rabin tsawon turke zuwa kashi 3 cikin 4. In an kai shi rabin tsawo, turawar kilo 200 tana zama jan kusan kilo 450 a jikin igiya, tana kuma danna bututun ƙasa da kilo 400. In aka matso da shi kusa don tsimin fili, lambobin nan sai su yi sama da sauri, har bututun ya gantsare a tsakiya. Gantsarewar nan ce ta sa siririn turke ke bukatar igiyoyi hawa-hawa, ba a sama kaɗai ba. Na can sama a ɗaura su kusa da injin iyakar yadda za a iya, amma ƙasa da inda bakin fukafukai ke wucewa, da 'yar rara, domin fiffike yana lanƙwasowa baya in iska ta matsa shi. Guntun bututun da ya rage tsakanin igiyoyin sama da injin shi ya fi kowane sashe shan wahala, babu mai tallafa masa. Kada a yi masa rami, kada a yi masa haɗi.

Igiyar kanta ta zama ta ƙarfe mai silli-silli da aka tsoma a tutiya, milimita 6 ko 8 ga irin injin da muke misali da shi. Wayar shinge ba ta yi, igiyar roba kuwa rana ce ke cinye ta, ga miƙewa. Duk inda igiya za ta lanƙwasa ta zagaya ƙarfe, a sa mata 'yar kwarkwaron ƙarfe mai siffar ƙwai a cikin lanƙwasar, in ba haka ba sillayen za su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Maƙalan da ke ɗaure bakin igiya suna da ɓangare biyu, lanƙwasasshen bol da sirdin da yake shiga. Sirdin yana hawa kan doguwar igiyar da ke ɗauke da kaya, bol ɗin kuma ya danne guntun bakin da aka lanƙwaso. In aka juya su, bol ɗin zai murƙushe igiyar da ake dogaro da ita. Ana yawan ganin an juya su, ko an sa ɗaya nan ɗaya can, har a turakun da ma'aikata suka kafa. A sa guda 3 a kowane baki, duk su fuskanci gefe ɗaya, da tazarar kaurin igiyar sau 6 a tsakaninsu, a kuma sake matse su bayan turke ya tsaya, don igiya takan ɗan rame in ta ɗauki kaya.

A ƙasan kowace igiya akwai majayi mai zare biyu, wanda ake murɗawa a ƙara ɗauri ko a sassauta. A guji mai ƙugiya, ƙugiya tana buɗewa ko ta zame. A nemi mai rufaffen ido ko mai baki da fil. In an gama daidaitawa a zura waya ta cikinsa a ɗaure, domin girgiza na warware shi, hannun yara ma haka. Kuma ba a ɗaure igiya tamau kamar tsirkiya. Ta miƙe dai, ta daina lilo, amma in ka kama ta ka ja ta ɗan ba da kai. Ɗaurin da ya wuce kima ƙarin kaya ne a kan bututu da mariƙai tun iska ba ta zo ba.

Mariƙin ƙasa shi ne ƙarshen tafiyar, kuma shi ne wanda ba a gani, shi ya sa ake yi masa rowa. Rodin da aka buga da guduma kamar turken akuya ba mariƙi ba ne. Ƙasar jigawa tana riƙe shi da rani, amma babbar iska da ruwan farko tare suke zuwa, rairayi ya jiƙe ya saki. Baƙar laka irin ta fadama da firgin Barno kuwa dararrashewa take yi da rani, ta ja baya ta bar ƙarfe a tsaye cikin rami. Abin da ke aiki shi ne a haƙa rami mai zurfin mita 1 ko fiye, a zuba kankare da rodi, ko a binne katon ƙarfe a kwance, yadda igiya ba za ta iya tumɓuke shi ba sai ta ɗaga duk ƙasar da ke kansa. Kankaren da ya cika ramin mita 1 ta kowace fuska nauyinsa wajen kilo 2,400 ne, don haka ko rabinsa ya yi wa jan kilo 450 rata mai kyau. Gungumen itace ma yana yi a wasu ƙasashe, amma a inda gara take, kyauta ka ba ta. Sandar da ta fito daga kankaren ta kalli saman turke, ta bi layin igiyar, kada ta tsaya a miƙe igiya ta riƙa lanƙwasa ta. A bar kankare ya yi ƙwari ana yayyafa masa ruwa. Cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, kuma gaggawar ganin farfela na juyawa ba hujja ba ce ta ɗora masa kaya a kwana na uku. Bayan haka a kewaye kowane mariƙi da ƙaya ko shinge. Shanu suna son soshe jiki a jikin igiya, mai babur da dare ba ya ganinta, 'yan jari-bola kuma sun san kuɗin majayi.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai a babin nan. Injin iska yana son a duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma siririn bututu ba abin hawa ba ne. Turken da aka dasa cikin kankare ya tsaya ƙyam, ranar da boris ya fara kuka babu mai zuwa wurinsa, sai a zuba masa ido har ya mutu. Don haka a yi turken da ke kwanciya. Gindinsa ya zauna a kan hinji, wato faifan ƙarfe mai kunnuwa biyu da katon bol ya ratsa su ya ratsa bututun. Igiyoyi su zama ta fuska 4, ba 3 ba, domin na gefe biyu su ne ke hana turke kaucewa yayin da yake tashi ko saukowa. Sharaɗinsu shi ne mariƙansu su kasance a layi ɗaya da bol ɗin hinji, kuma a tsayi ɗaya da shi. In ɗaya ya yi gaba ko ya yi ƙasa, igiyoyin za su saki a wani wuri su ɗaure tamau a wani, kuma ɗaurewar ta isa ta lanƙwasa turken ana tsakiyar ɗagawa.

Turken da ke kwance ba ya tasuwa da jan igiya daga ƙasa, don jan yana bin tsawonsa ne kawai. Ana kafa wani guntun bututu, wato sandar ɗagawa, a gindinsa, kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, ya tsaya a miƙe lokacin da babban ke kwance. Igiyoyin fuska ɗaya su bi ta kansa, sai a ja kan guntun zuwa ƙasa da winci, babban ya tashi. Jan ba kaɗan ba ne. Bututun inci 2 mai tsawon mita 12 ya kai kilo 60, in an ɗora masa injin kilo 40 aka yi amfani da sandar ɗagawa ta mita 4, farkon jan ya haura kilo 200. Mariƙin da winci ke jiki shi ya kamata ya fi sauran girma.

Wanda yake ganin wannan dabarar ƙananan kaya ce kawai, ya je Lambar Rimi a jihar Katsina. Injina 37 da aka kafa a can, kowanne mai kilowat 275, ƙirar kamfanin Vergnet ne na Faransa, masu fiffike biyu a kan turaku na mita 55. An tsara irinsu ne don tsibiran da guguwar teku ke addaba, kuma igiyoyi ne ke riƙe da su, da hinji a gindi da sandar ɗagawa, yadda za a kwantar da su a yi gyara a ƙasa ba sai an kawo katon kuren ba. Aikin Katsina ya sha jinkiri na shekaru, wannan wani zance ne daban, amma dabarar turken ita ce dai wadda mai injin wat 500 zai yi a bayan gidansa.

Ranar ɗagawa a zaɓi safiya mai lumana. A fara ɗaga turken shi kaɗai ba injin, a daidaita igiyoyi, a duba miƙewarsa ta fuska biyu, a kwantar, sannan a ɗora injin. A haɗe wayoyin injin da juna don farfela ta cije. Winci na hannu irin Tirfor ko cembulok ya fi mota ko tarakta, domin direba ba ya jin lokacin da wani abu ya maƙale, sai dai ya ji ƙara. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, kowa ya fita daga layin faɗuwa, 'yan kallo kuma, waɗanda ba a rasa su, a kora su nesa fiye da tsawon turken. Wuri mafi hatsari shi ne dab da miƙewa: nauyin sandar ɗagawa yakan rinjayi turken ya fizge shi gaba, don haka wani ya riƙe igiyar baya yana saki a hankali.

Dogon ƙarfe a fili kiran aradu ne. A buga sandar jan ƙarfe a gindin turke a haɗa su da waya mai kauri, a yi wa igiyoyin ma haka a wurin mariƙansu, tunda kankare ya raba su da ƙasa. Ƙasarmu busasshiya ce rabin shekara, sandar ta yi zurfi har ta taɓa danshi. Wannan ba zai hana tsawa sauka ba, hanya ce ake ba ta don kada ta bi waya ta shiga ɗakin batir.

Lokacin kwantar da turke a duba shi ne ƙarshen rani, wajen Afrilu, bayan hunturu ya gama zuba ƙurarsa kuma kafin hadarin farko. A bi kowane noti da sifana. A shafa tsumma a jikin igiya, in ya kama to silli ya tsinke, a sauya igiyar duka. A tone ƙasa kaɗan a wuyan kowane mariƙi, don a daidai inda ƙarfe ya shiga ƙasa tsatsa ta fi ci. A wanke tsohon giris mai yashi a sa sabo. Sannan a goge waldar wuyan turke da ta kunnuwan igiyoyi a duba su cikin hasken rana. Siririn layin jan tsatsa a gefen walda tsagewa ce ta fara. Mai walda zai ce bari ya ɗan bi ta kai da wuta, minti biyar an gama. Kada a yarda, tsagewar tana nan a ƙarƙashi tana tafiya. A yanke sashen gaba ɗaya a sa sabo.